Mai-Ƙafa-Uku na Kyamara Don Tafiya a Iskar Saudiyya: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi na tara su ne daga bakin 'yan'uwa mazauna Madina da Jidda da Riyad, da kuma baƙin da ke zuwa Umra da kyamara a jaka, suna son su ɗan zagaya ƙasa kafin su koma gida. Kusan kowa da tambaya ɗaya yake farawa: wanne ne ya fi rashin nauyi? Ban ga laifinsu ba, don mai tafiya kafaɗarsa yake tausayi. Sai dai shekarun da na yi ina tsayuwa da kyamara a bakin Bahar Maliya da kan duwatsun Ɗa'if sun koya mini cewa a ƙasar nan, wanda bai yi lissafin iska ba tun a shago, zai yi shi a daji da ɓacin rai.

In na shiga shago, da wane suna zan tambaye shi?

Masu harkar fim a gida suna cewa tirayifod, wasu su ce sitan. Masu shago a nan sun san kalmar tirayifod, a Larabce kuma hamil sulasi ne. Ni mai-ƙafa-uku nake kiransa, wato abin da ake kafawa a ƙasa a ɗora kyamara a kai don kada ta motsa. Hikimarsa irin ta murhu ce: duwatsu uku suna zama daram a kowace irin ƙasa, ko da tudu ko da kwari.

Malam, kyamarata tana da na'urar hana rawa a ciki. Ina ruwana da ɗaukar wannan kaya?

In da rana kake hoto, a kasuwa ko a titi, gaskiyarka, bar shi a masauki. Na'urar hana rawa tana gyara 'yar rawar hannu ta ƙiftawar ido. Amma akwai hotunan da sai idon kyamara ya zauna a buɗe na daƙiƙoƙi: taurari a Gharamil da ke arewacin Al-Ula suna son daƙiƙa 15 zuwa 20, fitilun gari bayan magariba suna son daƙiƙa biyu zuwa goma, haka ma in kana son ruwan teku ya kwanta kamar madara. Babu hannun ɗan Adam da zai riƙe kyamara cik tsawon wannan lokaci. Ga kuma mai son ya shiga hoto tare da iyalinsa ba tare da ya roƙi baƙo ba.

Iskar Saudiyya har ta kai a yi mata shiri na musamman?

Ta kai, kuma ba iri ɗaya ba ce. A gabas da tsakiyar ƙasa akwai wadda ake kira shamal, tana kaɗowa daga arewa maso yamma, ta fi tsanani a farkon lokacin zafi, wajen Yuni da Yuli, tana iya yin kwanaki ba ta lafa ba. Daga Maris zuwa Mayi kuma lokacin guguwar ƙura ne, wadda ke rufe gari a yi duhu da rana tsaka. Wanda ya san hunturun Kano da hazonsa ya san ɗanɗanon abin, amma wannan ta fi ƙarfi, kuma tana ɗauke da rairayi mai kaifi.

A Jidda iskar teku ce, yawanci daga arewa take bin gaɓa, tana ƙaruwa da la'asar, daidai lokacin da haske ya yi kyau kowa ya fito Kornish, wato titin shaƙatawa na bakin teku. Dubi maɓulɓular ruwa ta Sarki Fahad, wadda aka buɗe a 1985, mai cilla ruwa sama fiye da mita 250: yadda iska ke karkatar da kan ruwan ya isa ya gaya maka abin da take yi wa kyamararka.

Mafi wuyar sha'ani ita ce iskar bakin dutse. A wurin da ake kira Ƙarshen Duniya, a tsaunukan Tuwaiƙ kimanin kilomita 90 zuwa 100 daga Riyad, iska tana bugun bangon dutse ta hauro sama da ƙarfi, ta tsaya, ta sake zuwa ba sallama. Haka take a Al-Hada ta Ɗa'if, haka a Jabal Sauda kusa da Abha, inda tsayin ƙasa ya kai wajen mita 3,000. Wannan mai zuwa da tsayawa ita ce ke kayar da kaya, domin mutum yana sakin jiki idan ta yi shiru.

Ga lissafin da ya kamata ka riƙe: idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin turinta ninki huɗu yake yi. Shi ya sa abin da ya tsaya lafiya da hantsi yake rawa da la'asar, kai kuma kana ganin iskar ba ta ƙaru sosai ba.

To me zan fara dubawa a jikinsa?

Kaurin ƙafa da yawan gaɓoɓinta. Ƙafar tana da gaɓa-gaɓa kamar rake, kowace tana shigewa cikin ta samanta, don haka kowace ta fi ta samanta siranta. Mai gaɓa uku ya fi ƙarfi amma in an naɗe shi yana da tsawo. Mai gaɓa biyar yana naɗewa ya shige jaka, sai dai gaɓarsa ta ƙasa wani lokaci ba ta fi alƙalami kauri ba, kuma kowane mahaɗi wuri ne da zai iya yin wasa. Ga matafiyi, ni gaɓa huɗu nake zaɓa.

Masu ƙerawa da milimita suke rubuta kaurin gaɓar sama. Abin da ya gaza 25 na ɗaki ne da ranar da gari ya yi lumana. Daga 25 zuwa 28 shi ne daidai ga yawancinmu masu ƙaramar kyamara da gilashin gaba (lens) matsakaici. Mai dogon gilashi na jawo nesa, irin wanda aka rubuta 200 zuwa 400 a jikinsa, ya nemi ƙafa mai kaurin 32, ya haƙura da nauyin. Dalili kuwa shi ne dogon gilashi yana ƙara girman rawa kamar yadda yake ƙara girman abin da ake ɗauka: motsin da ba za ka gani ba a gilashi mai 24 zai fito ninki takwas a mai 200.

Kada ka tsaya ga takarda. Ka ce wa mai shago ya miƙe maka shi gaba ɗaya, ka kama samansa da hannu biyu ka murɗa hagu da dama kamar mai matse wanki. In ka ji yana bin hannunka, iska ma zai bi ta. Sannan ka ɗora kyamara, ka jawo hoton allo ya yi girma iya iyawa, ka ɗan ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da yatsa, ka ƙirga lokacin da rawar za ta ɗauka kafin ta mutu. Mai kyau cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ya nutsu. Wannan gwajin ya fi mini duk abin da aka rubuta a kwali.

Amma an rubuta yana ɗaukar kilo 10, kyamarata kuwa ba ta kai kilo biyu ba.

Babu wani ma'auni guda da duk kamfanoni suka yarda da shi wajen wannan lamba. Kowa da yadda yake auna nasa. Ko ta yi gaskiya, abin da take faɗa shi ne nauyin da ƙafafun za su ɗauka ba su zame ba. Ba ta ce komai ba game da rawa. Jaki yana iya ɗaukar buhu biyu, amma ba a kansa za ka zauna ka zura zare a allura ba.

Kabon ko alminiyam?

In aljihu ya yarda, kabon, wato wanda aka yi ƙafafunsa da zaren kabon maimakon ƙarfe. Kamfanin Gitzo ne ya fito da irinsa a 1994, yanzu kuwa Benro da Sirui da Leofoto da Manfrotto duk suna yi, kuɗinsa ya sauko ƙwarai. Ya fi rashin nauyi, rawa tana saurin mutuwa a jikinsa, kuma akwai wata fa'ida da sai mazaunin nan zai gane ta: alminiyam da ya yi awa ɗaya a rana cikin watan Yuli ba ya kamuwa da hannu. Haka in ka je Tabuk da sanyi, yatsu suke daskarewa a kansa.

Bambancin nauyin dai bai kai yadda ake zato ba. Na tafiya da Peak Design ke yi, na alminiyam kilo 1.56 ne, na kabon 1.27, wato ratar ba ta kai ta ƙaramar gorar ruwa ba. Kuma rashin nauyi yana da nasa aibin: abin da ya yi sauƙin ɗauka, ya yi sauƙin kifewa. Iska na wahalar da mai kayan kara. Idan kuɗinka zai saya maka ko dai siririn kabon ko kakkauran alminiyam, ɗauki kakkauran. Alminiyam kuma in ya bugu da dutse lotsewa yake yi a ci gaba da aiki da shi, kabon tsagewa yake.

A ganina, wanda nauyinsa har da kan da kyamara ke zama da komai ya faɗa tsakanin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu shi ne na matafiyi. Ƙasa da haka iska ta raina shi, sama da haka za ka fara barinsa a mota.

Ni dogo ne. Ba sai in ɗaga sandar tsakiya ta kai mini ido ba?

A nan mutane da yawa suke asarar hotunansu. Da zarar ka ɗaga sandar tsakiya, wadda ke fitowa daga tsakiyar ƙafafun don ƙara tsayi, kyamararka ta bar ƙafa uku ta koma kan ƙafa ɗaya. Tsayin da za ka duba wajen saye shi ne wanda aka rubuta ba tare da an ɗaga sandar ba. In ya kai santimita 125 zuwa 135, ga kansa da kyamara a sama, ya ishi yawancin mutane, musamman yanzu da allon kyamara ke juyowa sama.

A ranar iska ma ba wannan tsayin za ka yi amfani da shi ba. Ka bar siraran gaɓoɓin ƙasa a ciki, ka fito da masu kauri kawai, ka baje ƙafafun, ka durƙusa. Don haka ka tabbata wanda za ka saya ƙafafunsa suna buɗewa mataki biyu ko uku, kuma sandar tsakiyar tana fita ko tana da gajeruwa, yadda zai iya yin ƙasa kusa da gwiwa. Mafi yawan hotunan da nake alfahari da su a tsugune na ɗauke su.

An ce in rataya jaka a ƙugiyar da ke ƙasan sandar. Yana aiki?

Yana aiki da sharaɗi: kada jakar ta yi lilo. Jakar da ke reto a iska tana jan abin gaba da baya, tana bugun ƙafafu, ta ɓata fiye da yadda ta gyara. Ka sa igiya, mai talewa ta fi, yadda gindin jakar zai zauna a ƙasa amma nauyinta yana jan ƙugiyar. Ni ina tafiya da ɗan buhu wofi, in na isa in cika shi da rairayi ko tsakuwa, in zan tafi in juye a inda na ɗiba. Galan ɗin ruwan da ba a shiga sahara sai da shi, shi ma yana yin wannan aiki.

Ka sani kuma nauyin yana hana faɗuwa ne fiye da yadda yake hana ƙaramar rawa. Siririyar ƙafa tana nan siririya ko an rataya mata dutse.

Yaya zan kafa shi idan iska na kaɗawa?

Ka fara sanin inda take fitowa. Ɗebi ɗan rairayi ka saki. Mai-ƙafa-uku yana faɗuwa ne ta tsakanin ƙafa biyu, don haka ka sa ƙafa ɗaya ta miƙe zuwa inda iskar ta nufa, ta zama tokari. A rairayi ka danna kowace ƙafa har ta daina nutsewa, in ba haka ba za ta riƙa sauka a hankali lokacin da kyamara ke ɗauka. A kan dutse ka nemi tsaga ko ɗan rami ka sa ƙafar. Wasu suna zuwa da tsini na ƙarfe da ake musanyawa da robar ƙasa, yana da amfani a tsakuwa da busasshiyar ƙasa, amma kada ka kafa shi a kan tayil ko dandamalin mutane.

Sai ka rage abin da iska za ta kama. Cire igiyar ratayawa ko ka naɗe ta ka riƙe, don ita ce ke fara kaɗawa kamar tuta. In rana ba ta dukan gilashi, cire hularsa, wato zoben da ake sa masa a baki don ya tare rana. Kai kanka ka tsaya ta inda iskar ke zuwa, kusa amma ba ka taɓa ba, ka zame mata katanga. Mai babbar riga ko jallabiya ya tattare ta kada ta riƙa shafar ƙafafun. In akwai mota, a juya ta ta tare iska, a kashe injin. Sa jinkirin daƙiƙa biyu ko rimot don kada yatsanka ya girgiza ta. Kuma ka saurari iskar: tana da numfashi, tana bugawa tana saki, ka latsa a lokacin da ta saki, ka ɗauki biyar ko shida, ɗaya zai fito tas.

Kada ka ji tsoron ƙara ISO, wato ƙarfin kama haske na kyamara, don ka gajarta lokacin ɗauka. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana gyara shi a kwamfuta, wanda ya girgiza kuwa ba shi da magani. Game da na'urar hana rawa, littattafan kyamara da yawa suna cewa a kashe ta a kan mai-ƙafa-uku. A iska da dogon gilashi ni nakan ɗauka da ita a kunne, in sake a kashe, in duba wanda ya fi. In ɗaukar ta wuce daƙiƙa ɗaya, a kashe nake barinta.

Abu na ƙarshe, kuma da zafin zuciya nake faɗarsa: kada ka juya masa baya. Wata yamma a kan wani tudu da ke kallon Al-Ula na taka uku kacal zuwa jakata don in ɗauko batir, gari shiru, sai iska ta zo sau ɗaya. Gilashin da na yi wata takwas ina tara kuɗinsa bai sake aiki ba. Tun daga ranar, in zan matsa, ko dai kyamara ta sauka ko wani ya dafa.

Kan da kyamara ke zama fa, akwai bambanci?

Akwai, kuma sau da yawa rawar da ake ɗora wa ƙafafu daga nan take. Ga hoto, kai mai ƙwallo ya fi sauƙin tafiya. Nemi mai ƙwallo babba, daga milimita 36 zuwa 40, gajere ba mai dogon wuya ba. Ɗaure shi ka saki kyamarar ka gani ko hancin gilashi zai sunkuya. Faifan da ake ɗaurawa a gindin kyamara ya zama irin Arca-Swiss, don shi ne kamfanoni da yawa suke bi, in ya ɓata a hanya za ka samu wani. Mai yawan ɗaukar hoto a tsaye ya sayi faifai mai siffar L, wanda ke barin nauyin a tsakiya maimakon kyamara ta rataya a gefe. Mai bidiyo kuma kai mai hannu yake bukata, irin mai juyawa a hankali. Zaren sukurun ɗaya ne kusan ko'ina, kwata na inci a gindin kyamara, uku bisa takwas tsakanin kai da ƙafafu, saboda haka kana iya haɗa kan wani kamfani da ƙafafun wani.

Makullin ƙafa na murzawa ko na ɓallawa?

Duka suna riƙewa. Na fi son na murzawa don dalili ɗaya: ana kwance shi da hannu a wanke. Rairayin ƙasar nan yana shiga ko'ina, in ka ji ƙaras-ƙaras kana murzawa, tsaya, kada ka tilasta, zaren yake ci. Ka kwance gaɓa ɗaya-ɗaya, ka lura da 'yan robobin ciki da yadda suke zaune, ka wanke da ruwa da tsohon burushin haƙori, ka bari ya bushe sarai, ka shafa giris kaɗan a zaren kawai. Na ɓallawa ya fi sauri kuma ido yana ganin ko a kulle yake, amma yana saki da daɗewa, sai an riƙa ɗaure shi da alanki.

Wanda ya sa shi a ruwan teku a Jidda ko Yanbu ko Umluj ya ɗauraye shi da ruwan famfo a daren, kada ya bari sai gobe. Gishiri yana cin alminiyam, kuma ko na kabon ne, mahaɗansa ƙarfe ne. A bakin teku kaɗai nake saɓa dokar da na faɗa a sama ta barin siraran gaɓoɓi a ciki: nakan fito da gaɓar ƙasa kamar taƙi ɗaya, don makullan su yi sama da ruwa da yashi.

Za a bar ni in shiga jirgi da shi?

Jakar hannu a ƙaramin aji yawanci kilo 7 ce, tsawonta wajen santimita 55, don haka wanda ya naɗe ya koma 40 zuwa 45 yana shiga. Amma hukuncin ƙarshe na jami'in bincike ne. Ni nakan cire kan in sa a jakar hannu, in naɗe ƙafafun cikin tufafi a babbar jaka, tsinin ƙarfe ma can.

Zan iya kafa shi a Harami in ɗauki Ka'aba ko Koren Ƙubba?

Alhaji, bar shi a masauki. Irin wannan kaya a masallatan biyu sai mai izini, kuma ko ba don doka ba, ƙafa uku a baje cikin cunkoso abin tuntuɓe ne ga tsofaffi da masu keken guragu. Mutane sun zo daga nesa don ibada, bai dace mu tare musu hanya ba. A sauran wurare ma a kiyaye: dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗauri har shekara ɗaya ko tara har riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamara. Kada a saita gilashi kan iyalan mutane, ko gine-ginen tsaro. In mai gadi ya ce a naɗe, a naɗe da fara'a.

Ni ɗalibi ne, kuɗina kaɗan. Hajiyarmu kuma waya kawai take amfani da ita.

Araha ba ta ado, musamman waɗannan masu kan roba da ake bayarwa kyauta in an sayi kyamara. Gara ka nemi na hannu mai kyau a Haraj, kasuwar kayan hannu ta nan Saudiyya, ka je ka gani da idonka, ka miƙe kowace gaɓa, ka danna daga sama ka ga ko wata za ta zame, ka duba tsaga kusa da mahaɗai. Mai-ƙafa-uku mai kyau ba ya tsufa kamar kyamara. Na shekara goma yana aiki kamar na bana.

In wannan ma bai samu ba tukuna, ɗinka ɗan buhu ka zuba shinkafa ko wake kilo ɗaya. Ka aza shi a kan dutse ko katanga ko saman mota, ka nutsa kyamarar a ciki. A iska mai ƙarfi wannan ya fi siririn mai-ƙafa-uku nesa ba kusa ba.

Ita kuwa Hajiya, ɗan gajere na kan tebur da maƙalin waya na ƙarfe ya ishe ta. Waya faffaɗa ce kuma ba nauyi, iska tana kama ta kamar faifai, don haka kada a ɗora ta a kan dogon siririn sandan nan mai 'yan ƙafafu a gindi in ana bakin dutse ko bakin ruwa.

Yaushe ya kamata in haƙura in naɗe kayana?

In ka ga jan bango na ƙura ya taso daga nesa, kada ka tsaya neman hoto ɗaya na ƙarshe. Sa kyamara a jaka ka zuge, kada ka kuskura ka canza gilashi a waje, ka shiga mota ka rufe tagogi. Haka in kai kanka sai ka gyara tsayuwa kafin iska ta bar ka ka tsaya, ko rairayi ya fara sukar fuskarka. A bakin dutse irin na Tuwaiƙ babu shinge, kuma mutum yana miƙa hannu ya cafke kayan da ke faɗuwa kafin ya yi tunani. Shi ya sa nake kafa nawa aƙalla taku huɗu daga baki, in kuma duba hasashen Cibiyar Kula da Yanayi ta Ƙasa tun da dare. Sau da yawa iska tana kwanciya kafin asuba. Ka yi sallah, ka fita da duhu-duhu, ka kafa kafin rana ta ɗumama ƙasa.